Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa: Ku Je Kurra Ku Ga Aikin Ƙaramin Ruwa

Zuwa ga Ƙungiyar Gwamnonin Jihohin Arewa, ta hannun shugabanta, Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da Allah ya ɗora muku nauyinta. Allah ya taya ku riƙo.

Ranku ya daɗe, ni tsohon malami ne. Na ƙare aikina ina koya wa yara sana'ar lantarki a makarantar koyon sana'a. A Bukuru aka haife ni, nan na girma, nan kuma nake zaune har yau. Mahaifina daga ƙasar Kano ya zo cin rani wurin haƙar kuza, bai koma ba sai da ziyara. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne duhun watan Oktoban 2024, wanda har yanzu bai fita raina ba.

Kun fi ni sanin yadda aka yi. Ɓata-gari suka lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya taso daga Ugwuaji ya biyo ta Makurɗi ya nufo Jos shi ma ya faɗi, sai mafi yawan jihohinmu suka shafe fiye da mako guda babu wuta. Mai ƙanƙara ya yi asara, mai niƙa ya ninka kuɗi, famfo ya ƙafe, 'yan garuwa suka tsawwala, asibitoci suka koma ƙona dizal dare da rana. Ranar 28 ga watan kuka zauna a Kaduna tare da iyayenmu sarakuna, kuka nuna ɓacin ranku, kuka nemi a gyara, kuka kuma yi maganar neman wasu hanyoyin samun wuta. To, hanya ɗaya nake so in nuna muku. Tana cikin ƙasarku, kuma ta kusa shekara 100 tana aiki.

A gundumar Gashish ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi akwai wani ƙauye da ake kira Kurra Falls. Baƙo zai iya wuce mararrabarsa bai waiwaya ba. A can ne kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya gina tashar wutar ruwa mai ƙarfin megawat 8. Kafin ita ma akwai yayarta, tashar Kwall da ke ƙasar Irigwe a ƙaramar hukumar Bassa, wadda wani kamfanin kuza ya gina a 1923 da ƙarfin megawat 2, daga baya ta koma hannun NESCO. Kainji da kowa ya sani sai a 1968 ta fara aiki. Ke nan ruwan Filato ya riga kogin Kwara ba da wuta da shekara 45.

Gara in faɗa tun da wuri: ba don talaka aka gina waɗannan tashoshi ba. Don kuza aka yi su. Turawan haƙar ma'adinai suna buƙatar famfunan da za su tsotse ruwa daga rami su wanke tsakuwa, da manyan injinan kwasar ƙasa. Itacen da ke kan tsaunin ba shi da yawa, kuma an ci ƙarfinsa. Kwal yana can Inugu, jirgin ƙasa na gabas bai iso Jos ba sai 1927, wanda ake da shi kafin nan ɗan siririn layin nan ne da ya taso daga Zariya. Sai suka dubi abin da Allah ya ajiye musu a gaba: tsauni mai bisan kusan mita 1,200, ruwan sama mai yawa, da rafuka masu faɗowa daga gefen dutse. Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda suke wuni da kwanon sarki a ka, suna hawa suna sauka cikin rami, wayar wuta tana wucewa bisa kansu zuwa injina da gidajen Turawa, da dare kuma su koma bariki su kunna aci-bal-bal. Ya ga mutanen diban gwamna, waɗanda aka kwaso da ƙarfi daga garuruwansu tsakanin 1942 da 1944 don haƙar kuzar yaƙi, ya ga yadda sanyin Filato ya yi musu. 'Yan ƙasa kuwa, Birom da maƙwabtansu, gonakinsu ne suka zama kududdufan da ake gani yau. Wannan ɓangaren tarihin ba abin alfahari ba ne, kuma zan dawo kansa, don akwai haƙƙin da ya rage ba a biya ba.

Amma ku dubi abin da ya faru bayan nan. Aka kafa hukumar wuta ta ƙasa, ECN, aka haɗe ta da hukumar madatsun Kwara aka sami NEPA a 1972, NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da ita gunduwa-gunduwa a 2013. Duk wannan sauyin NESCO tana gefe, ba ta shiga ba. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanonin suka watse, injinan kwasar ƙasa suka yi tsatsa a daji. Dalilin gina tashar ya mutu, tashar ba ta mutu ba. Sai ta juya ta riƙa sayar wa garuruwa da masana'antu. Mutanen Bukuru da Barikin Ladi, har Kafanchan ta jihar Kaduna, sun san abin da ake nufi da wutar Nesko. Lokacin da muke samari, mai neman hayar shago abin da yake fara tambaya ke nan: akwai Nesko? Ban ce yau komai na nan yadda yake ba. Injina sun tsufa, garuruwa sun faɗaɗa fiye da ƙarfin tashoshin, ruwa kuma yakan ja baya idan rani ya yi nisa. Duk da haka farfela na juyawa, kuma ba ta jiran wani layi ya taso daga wata uwa duniya ya ratsa dajin 'yan bindiga kafin ya iso.

Na sha kai ɗalibaina can, kuma kowane zuwa abu ɗaya ke fara ɗaure musu kai. Babu hayaƙi, babu tankar mai, babu warin dizal. Ruwa ne kawai da gangare. Bari in bayyana muku aikin yadda nake bayyana musu, don tsarin kusan ɗaya ne a kowace ƙaramar tasha, ta megawat ce ko ta kilowat 20.

Da damina ana tare ruwa a madatsa can sama, irin ta Tenti, a riƙa sakinsa da awo don ya kai ƙarshen rani. Ruwan yakan bi magudana a hankali, kusan a kwance, har ya iso wani ɗan tafki a bakin gangare. A nan ake sa ragar ƙarfe mai tare ganye da itace da duk tarkacen da ruwa ya kwaso, a nan kuma ake barin yashi ya kwanta, don yashi shi ne babban magabcin inji. Yana cin farfela a hankali kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Daga tafkin sai ruwan ya shiga ƙaton bututun ƙarfe da ya miƙe ƙasa. Na sama yana danne na ƙasa, nauyi na hawa kan nauyi, har ya iso ɗakin inji da ƙarfin da idan ya daki mutum sai ya karya shi. Wannan ƙarfin ne ke juya farfela, farfela ta juya sandar ƙarfe, sandar ta juya janareta. Cikin janareta mayen ƙarfe ne ke zagayawa tsakanin naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, daga nan wuta ke fitowa, taransifoma ta ɗaga ta don ta iya tafiya nesa a kan waya. Ruwan kuwa, da ya gama aikinsa sai ya fita ta ƙasa ya koma rafi. Ko cokali ɗaya bai ragu ba. Makiyayi zai shayar da shanunsa, mai lambu zai yi ban-ruwa, mata za su yi wanki, kamar ba a taɓa shi ba.

Hikimar da ta fi burge ni a can ita ce yadda aka jera tashoshin a kan gangare ɗaya. Ruwan da ya juya injin Ankwil shi ne ke saukowa ya juya na Kurra, shi ne kuma ke wucewa ya juya na Jekko. Ruwa ɗaya, ana cin moriyarsa hawa-hawa kafin a sallame shi.

Akwai wata na'ura a jikin kowane inji da masu aikin ke kira gwamna. Ba ni na raɗa mata sunan ba, haka ake kiranta a duk ɗakin inji. Wutar ƙasar nan dole ta riƙa bugawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan magariba ta yi gari ya kunna fitilu, nauyi ya ƙaru, inji zai so ya yi sanyi, sai gwamna ta ƙara buɗe ƙofar ruwa. Idan dare ya raba aka kashe kaya, inji zai so ya zabura, sai ta rage. A 'yan ƙananan tashoshin ƙauye na zamani ma ba a wahalar da ƙofa. Wata na'urar lantarki ce ke karkatar da rarar wutar zuwa ƙarfen dafa ruwa, inji ya ci gaba da gudunsa ɗaya. Ku riƙe wannan batun rarar wuta, zan koma kansa.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Abu biyu ake aunawa: yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, da zurfin gangaren da zai faɗa. Lita 1,000 a daƙiƙa, idan ta faɗo mita 10, za ta ba da kusan kilowat 70 bayan an cire abin da ke salwanta a bututu da inji. Rafin da bai wuce lita 100 ba, wanda yaro zai tsallake, idan ya sami gangaren mita 50 zai ba da fiye da kilowat 30. Wannan ya isa ya haska ƙauye, ya riƙe firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani, ya juya injin niƙa biyu ko uku da rana. Shi ya sa mai tsauni ba ya buƙatar babban kogi. Gangare na cike masa gurbin ruwa.

Sai dai abin da ya raya Kurra har ta kai yau ba ya cikin wannan lissafin. Na gan shi da idona: mutum ne da manjagara yana kwashe ganye daga raga tun da asuba. Wani ne da gwangwanin giris yana bin boris ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora bayan hannunsa a jiki don ya ji ko ya yi zafi. Littafi ne da ake rubuta awon ruwa da na wuta sa'a bayan sa'a, mai karɓar aiki ya karanta abin da na gabansa ya bari. Maƙera ce da ake gyara abin da ya lalace maimakon a zauna jiran jirgin ruwa. Sannan akwai wanda ke bin kuɗin wuta, akwai kuma wanda zai yi asara idan inji ya tsaya. Tsofaffin ma'aikatan can da kunne suke gane ciwon inji. Na taɓa ganin wani dattijo ya katse maganarmu, ya karkata kai, ya ce wa yaronsa ya je ya duba raga, ruwa ya ragu. Yaron ya je ya tarar da reshe ya tokare.

Kada a ce wannan aikin Turawan da ne, ba za a iya maimaita shi ba. An maimaita, a zamaninmu, a jihar Taraba. A Kakara, kan tsaunin Mambila cikin ƙaramar hukumar Sardauna, akwai gonar shayi tun shekarun 1970 da masana'antar da ke yin Highland Tea. Kuɗin dizal ya durƙusar da masana'antar, manoman da ke kai mata ganye suka shiga wani hali. Ga kuma dubban mutanen da rikicin 2002 ya kora Kamaru, waɗanda suka dawo gida suna neman abin yi. Sai hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNIDO mai kula da masana'antu da UNHCR mai kula da 'yan gudun hijira, suka haɗa hannu da gwamnatin jihar aka sa injina biyu a madatsar Tunga, wadda dama tana nan. Kowanne kilowat 200, jimla 400. Aka buɗe tashar. Kilowat 400 ba ya cika baki a taron manema labarai, amma ku auna shi da dizal. Janaretan da zai ba da wannan wutar dare da rana zai sha kusan lita 3,000 kowace rana. Ku tambayi kwamishinoninku na kuɗi nawa ke nan a wata, da farashin yau.

A kan tsaunin nan dai ake maganar babbar tashar Mambila mai megawat 3,050. Muna samari aka fara zancenta, yau muna da jikoki. An sa hannu kan kwangilar kusan dala biliyan 5.8 a 2017, rigimar kwangila ta kai har gaban masu sulhu a birnin Faris, kuma ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba tukuna. Ban ce a bar ta ba, Allah ya nuna mana ranar da za ta tashi. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ita babbar ba a hannunku take ba. Ƙananan su ne a hannunku.

Ranka ya daɗe Shugaba, a jiharka ma akwai darasi. Madatsar Dadin Kowa ta yi fiye da shekara 30 ruwa na zuba ta ƙofofinta kafin a sami megawat 40 ɗin da take bayarwa yanzu. Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin marigayi Audu Baƙo, ta kusa shekara 50 kafin a sa mata injin megawat 10. Duk ruwan da ya wuce a waɗannan shekaru wuta ce ta wuce. Kuma tun 1980 wani bincike da aka yi a jihohi 12 na wancan lokaci ya gano wurare fiye da 270 da za a iya kafa ƙananan tashoshi, masu jimlar ƙarfin megawat 734, kusan daidai da Kainji. Takardun suna nan. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Da, kuna iya cewa doka ta ɗaure muku hannu, wuta ta Tarayya ce. Wannan uzurin ya ƙare. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba kowace jiha ikon samar da wuta, ta rarraba, ta kafa hukumar da za ta sa ido. Ƙa'idar da NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta a ƙasa, ta fitar a 2023 kuma ta sauƙaƙa wa ƙanana: tashar ƙauye mai zaman kanta da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat 1 izini ake nema, ba babban lasisi ba.

Ba zan yaudare ku ba, wannan magani ba na kowace jiha ba ne. Yobe da Jigawa da arewacin Sakkwato shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, rafukansu na damina ne, rana ta fi musu amfani. Inda abin yake shi ne Filato, wadda kogin Kaduna da Gongola da Dilimi duk daga kanta suka taso, da kudancin Kaduna inda Matsirga take, da Nasarawa mai Farin Ruwa, da Taraba da Adamawa da duwatsunsu, da Neja da Kwara da Kogi da Binuwai, da kudancin Bauci da Gombe. Sauran jihohin kuwa nasu rabon yana jikin madatsun ban-ruwa da aka riga aka kashe wa kuɗi, irin su Goronyo da Bakolori da Zobe da Challawa. Abin sha'awa, su waɗannan da rani suke sakin ruwa don noman rani, daidai lokacin da rafukan dutse ke ja baya. Sola kuma ta fi ƙarfi a watannin da ruwa ya fi rauni. Idan aka haɗa su a layi ɗaya, rana ta ɗauki wuni, a adana ruwa ya ɗauki dare, ba a buƙaci tulin batir mai tsada ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da nake tsoro, don na gan shi. Shekarun baya aka kira ni wani ƙauye in duba wata 'yar tasha da ta tsaya. Ba zan ambaci ƙauyen ba, ba kuma zan ambaci waɗanda suka gina ta ba, niyyarsu mai kyau ce. Na tarar da inji lafiyayye, bai yi wani tsufa ba. Boris ɗaya ne ya ƙone don ba a sa masa giris. Magudana ta cika da yashi, saboda an sare itatuwan da ke sama an yi noma har bakin rafi, ruwan sama na farko ya kwaso ƙasar gona ya zuba. Yaron da aka koya wa kula da injin ya tafi birni yana acaɓa, don wata da watanni ba wanda ya ba shi ko sisi. Ba a taɓa karɓar kuɗin wuta ba, an ce kyauta ce. Mai gari ya riƙe hannuna ya ce, Malam, yaranmu sun saba karatu da dare, yanzu ya za mu yi? Kuɗin boris ɗin bai kai kuɗin tunkiya ba. Na dawo gida ban iya cin abinci ba ranar.

Saboda haka roƙona na farko ba kwangila ba ce. Awo ne. Kafin a sayi ko ƙusa, a kafa sandar awo a kowane rafin da ake sa wa rai, a ba malamin firamare na ƙauyen ɗan alawus ya riƙa rubuta tsayin ruwa kullum da safe, aƙalla shekara guda cur, gara ma biyu. Ruwan Agusta ba ya gina tasha, ruwan Maris da Afrilu ne ke faɗin gaskiya. Kowace jiha tana da kwalejin kimiyya da fasaha cike da ɗaliban injiniya masu neman aikin kammala karatu. Ku tura su, ku biya musu kuɗin mota, ku haɗa abin da suka samo da tsofaffin takardun 1980 da na hukumomin raya koguna. Madatsun nan da yawansu na Tarayya ne, a hannun hukumomi irin su Hadeja-Jama'are da Sakkwato-Rima da na Binuwai. Gwamna ɗaya zai iya shekara yana rubuta wasiƙa, amma idan ku 19 kuka je da murya ɗaya za a saurare ku.

Sannan kada a gina tasha don fitila kaɗai. Fitila ba ta biyan albashi. Ruwa yana gudu sa'a 24, wutar da ba a saya ba da rana a banza take tafiya, ita ce rarar da na ce ku riƙe. Abin da ya riƙe Kurra famfunan kuza ne, abin da ya riƙe Tunga masana'antar shayi ce. Kowace tasha a nema mata abokin rana tun kafin a haƙa harsashi: injin niƙa da na casar shinkafa, mai walda, mai yankan katako, ɗakin sanyi na dankalin Bokkos da Mangu, wurin tara madara a Mambila. Su za su biya kuɗin da zai sayi giris ya biya ma'aikaci. A sa mita a kowane gida, kuɗin ya zama daidai ƙarfin talaka, amma a biya. A buɗe asusun gyara da ba mai taɓa shi sai da hannun mutum uku na garin. Ko kamfani ne zai riƙe, ko ƙungiyar gari, ya zama akwai wanda idan inji ya tsaya shi ma barcinsa zai tsaya.

Injin ma ba sai an je ƙetare ba a kowane lokaci. Akwai wata irin farfela mai kama da ganga, wadda ruwa ke ratsa ta ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya. Da farantin ƙarfe da yankakken bututu ake ƙera ta, kuma NASENI, hukumar ƙere-ƙere ta Tarayya, ta riga ta ƙera irinta a ƙasar nan. Wanda ya ga abin da maƙeran Panteka a Kaduna ke fitarwa da hannunsu ya san wannan bai fi ƙarfinsu ba, idan aka ba su zane da horo da mai duba inganci. UNIDO tana da cibiya ta ƙananan tashoshin ruwa a Abuja. Injin da aka ƙera a Kaduna, a Kaduna za a sami kayan gyaransa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku kuma dawo da martabar makarantun koyon sana'a. Ina faɗin wannan da ciwo a zuciya, don na ga ɗakunan aikinmu lokacin da suke cike da kaya, na kuma gan su daga baya.

A tsare kan ruwa. Dajin da ke saman rafi shi ne tankin man tasha. Idan aka sare shi aka yi gawayi, damina za ta zo da ambaliya da yashi, rani ya zo da ƙafewa. Ramukan loto, wato na masu haƙar kuza da hannu, da masu wankin ma'adinai a bakin rafi su ma yashi suke turowa. Doka kaɗai ba za ta hana ba. Wanda zai hana shi ne mutumin ƙauyen da ya san cewa idan itacen nan ya faɗi fitilar ɗakinsa ce za ta mutu.

Wannan ya dawo da ni kan haƙƙin da na ce ya rage. Kada a sake yin abin da aka yi wa su mahaifina da masu ƙasar da aka haƙe, waya ta wuce bisa kan mutum yana cikin duhu. Duk ƙauyen da aka ɗauki ruwansa, shi za a fara ja wa wuta, makarantarsa da ɗakin shan maganinsa da masallacinsa da cocinsa, kafin ta wuce ko'ina. 'Ya'yansa za a koya wa aikin, manomi da makiyayi, kowa da nasa a ciki. Ba na faɗin wannan don daɗin baki. Gashish ɗin nan da Kurra take ciki ta ga zubar da jini a Yunin 2018, kuma tasha tana daji ne, magudanarta da bututunta a fili suke, soja ba zai kwana a kan kowace gaba ba. A gundumar nan ce kuma Liman Abubakar Abdullahi na Nghar ya ɓoye ɗaruruwan maƙwabtansa Kirista a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa. Mutanen da za su tsare abin da yake nasu ne tare suna nan, a ba su abin da za su tsare.

Ranku ya daɗe, a 2029 NESCO za ta cika shekara 100. Ina roƙonku, kafin lokacin, ku ɗauki zama ɗaya daga cikin zaman da kuke yi a Kaduna ku kai shi Filato, Mai Girma Gwamna Caleb Mutfwang ya karɓi baƙuncinku. Ku bar manyan motoci a Barikin Ladi idan hanya ta ƙi, ku ƙarasa Kurra. Kowannenku ya zo da kwamishinansa na wuta da na ruwa da shugaban kwalejin fasaha ta jiharsa. Ku tsaya a bakin raga ku ga mai manjagara, ku bi bututun da ido har ƙasa, ku shiga ɗakin inji ku ɗora hannu a jikin ƙarfen ku ji yadda yake rawa, ku ce a buɗe muku littafin awo. Daga nan kowa ya koma gida ya zaɓi rafi uku a kafa musu sandar awo kafin damina ta gaba. Idan Allah ya bar ni da rai da ƙafa, zan zo da tsofaffin ɗalibaina, waɗansunsu yanzu su ne injiniyoyi, mu riƙe muku ma'auni.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin lantarki,
Bukuru, Jihar Filato.